Alamar Baƙar Alfadara

Kan da yayata Hermelinda ta fara fasawa a duniya nawa ne. Ina ƙarami na cinye mata tortiya, wainar masararmu, da ta ɓoye a ƙarƙashin kwano, ta ɗauki ɗan dutsen da ake niƙa barkono da shi ta kwaɗa mini a goshi. Jini ya rufe mini ido, ina ihu, ita kuma ta danne ni tana wanke wurin da ruwan gishiri, tana zagina wai na ɓata mata riga. Kowa Mela yake ce mata. Ni Yaya nake cewa, har yanzu da furfurata, don ban ga wanda zai cece ni ba in na kira sunanta gatsal.

Kai na biyu na ubanmu ne. Ƙauyenmu yana cikin duwatsun San Luis Potosí a Meziko, ba ruwa ba aiki, sai awaki da giya, kuma Baba in ya sha ya dawo a kan Inna yake saukewa. Mun tashi mun san ƙarar kanta a jikin bango kamar yadda wasu yaran suka san ƙararrawar coci. Wata rana ya shaƙe ta a bakin murhu har idanunta suka firfito, ƙafafunta suna shure-shure cikin toka. Mela, lokacin ba ta gama zama budurwa ba, ta ɗago kaskon ƙarfen da ake gasa tortiya, da zafinsa, ta shimfiɗa masa a kunne. Na ji ƙaurin gashi. Da ya farfaɗo kunnen nan ya mutu. Ba zan yi masa ƙarya in ce ya shiryu ba, jira kawai yake Mela ta bar gidan, ita kuwa ba ta bar shi ba sai da muka binne shi.

Bayan nan ta tsallaka Texas, ni ma na biyo bayanta. Ta yi shekaru a kamfanin figar kaji kusa da Fort Worth, hannu cikin ruwan sanyi da sinadarin wanki tun safe har yamma, har zanen yatsunta ya goge, suka zama sumul kamar bayan cokali. A nan ta auri Nicanor Urbina, mutum mai sanyin hali, wanda har yau ban san yadda ya yi ƙarfin halin yi mata magana ba. Sana'arsa kai kwalaye gida Meziko. Mutanenmu su cika kwali da tufafi, da takalma, da talabijin, wani har keke da injin wanki, shi kuma ya loda a bas ɗinsa ya bi ƙauyuka yana rabawa.

A hanyar aka kashe shi. Ba ma kiran sunan waɗanda suka yi, ko a Texas, ko a cikin ɗaki, mutanen nan kawai muke cewa. A lokacin al'adar direbobi ita ce in ka baro abu a bayanka, sai ka haska wa mai tahowa fitila ya gane. Ranar motoci da yawa sun wuce Nicanor, duk sun ga shingen da aka kafa, ba wanda ya haska masa, kowa yana tsoron a gan shi. An same shi a kwalbati, hannuwansa ɗaure da waya, fuskar ba ta ganuwa. Mela ce ta je ta gane shi da takalminsa. Ta dawo ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta sayi tsohuwar bas, ta sa aka fesa mata baƙin fenti, aka rubuta Baƙar Alfadara a jikinta da manyan haruffa, sannan ta same ni a garejin da nake kanikanci.

"Chon, fito daga ƙarƙashin motar mutane ka zo ka shiga ƙarƙashin tawa."

"Yaya, hanyar da ta ci mijinki za ki koma?"

"Kwalayen mutane ne za su kai kansu? Ɗauko sufanunka."

Na ɗauko. Sunana Asunción, amma tun da aka haife ni ba wanda ya wahalar da bakinsa wajen faɗa.

Araceli, 'yarta ɗaya tilo, wadda muke kira Cheli, ita ta sa mata manhajar hanya a waya. Kowa ya san irinta: taswira da muryar wata mata mai cewa ka yi dama ka yi hagu, kuma duk wanda ya ga wani abu a hanya sai ya danna ya ajiye alama don na baya. Ni na tsani abin. Wayata mai maɓalli ce, da ita za a binne ni. Na sa wa matar nan suna Magulmaciya, don ba abin da ke kwana a cikinta. Amma Mela, wadda ba ta yarda da likita ba, ba ta yarda da fadan coci ba, ta kama Magulmaciya hannu bibbiyu. Rami a kwalta, alama. Ɗan sanda ya laɓe a bayan gada, alama. Gidan man da ke gauraya fetur da ruwa, alama, har da zagi a ƙasa.

"Yaya, ki riƙe sitiyari da hannu biyu mana. Za ki kashe mu a kan mushen kare."

"Rufe mini baki, jaki. In mai babur ya hau kansa ya faɗi, kai za ka je ka gaya wa uwarsa?"

Ba ta taɓa cewa saboda Nicanor take yi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Sunan da ta sa a manhajar shi ne na jikin bas, wai don masu kwalaye su san ta. Suka kuwa san ta. A gidajen mai direbobin da ba mu taɓa gani ba sai su zo su ƙwanƙwasa gilashi, suna kiranta Doña, wato uwargida, "Doña, ke ce Baƙar Alfadara? Kin fisshe ni daga ramin bayan gada." Ita kuma sai ta ɗaure fuska kamar an zage ta, alhali na san daɗi take ji har cikin ranta. Manhajar ta ba ta ɗan kambi kusa da sunanta. Abin da kambin nan ke nufi shi ne maganarta ta fi ta kowa nauyi. Duk wanda ya zo wucewa ta wurin wata alama, Magulmaciya za ta tambaye shi ko abin yana nan. Alamar sabon shiga, mutum biyu ko uku suka ce babu ta tafi. Ta Mela kuwa sai an taru a kanta, ko ita da kanta ta cire.

Ba kowa ke gode mata ba. Akwai wani gidan abinci bayan Saltillo da ake fasa gilashin motoci yayin da mutane ke ci, da sanin mai gidan. Ta ajiye alama, ta rubuta abin da ke faruwa, matafiya suka daina tsayawa. Da muka sake biyowa sai ta tsaya a ƙofarsa da gangan. Ya fito da ƙarfen kwance taya yana kumfar baki, ya zura hannu ta taga zai fizge wayar. Ta ɗaga gilashi ta matse hannun, ta ja mota. Ta ja shi a kan tsakuwa har bakin titi, gwiwoyinsa suna barin jini a baya, yana rantse-rantse da sunan uwarsa, sannan ta sake shi. Ina gefe ina waiwayensa, ita kuwa tambayata take ko na rufe fulas ɗin kofi.

Kirsimetin da zan ba da labarinsa, Araceli ta ce ita ma za ta je gida, ita da mijinta Rigoberto da 'ya'yansu biyu, mace da ta fara tasawa da namiji ƙarami. Yaran ba su taɓa ganin ƙauyen ba. Rigoberto ya sayi sabuwar a-kori-kura fara mai ƙofa huɗu, irin wadda mutanen nan suke so fiye da abinci. Mela ta gan ta ta yi tsaki.

"Rigo, wannan za ka kai? Me ya hana ka ɗaura mata ganga a baya?"

"Haba Doña Mela, kowa fa da irinta yake zuwa. In je a tsohuwar motata su ce me nake yi a Texas?"

"Su ce kana da rai."

An yi faɗa, an yi kuka, Araceli ta ce uwarta ba ta son ganin kowa yana jin daɗi, daga ƙarshe dai aka tafi da farar motar. A kan iyaka mu takardunmu a shirye suke, su kuwa layin izinin shigar da mota ya riƙe su. Ba ma tuƙi da duhu, kuma ƙauyuka da yawa na jiran kwalaye, don haka Mela ta ce za mu yi gaba a hankali.

"Cheli, inda na bi nan za ku bi. Ki ajiye wayar a gabanki, ba a jaka ba. Kin ga alamata, kar ki tsaya gardama da mijinki."

Da hantsi muka wuce Monterrey, sai Magulmaciya ta ce tirela ta kife a babbar hanya, an rufe ta, ta karkatar da kowa tsohuwar hanya. Akwai gidan mai a mararrabar. Daga nan in ka shiga, ba gari ba kwana, sai daji da ƙaya. Na ce mu tsaya mu jira a buɗe babbar. Mela ta ce rana tsaka ce, motoci ma suna shiga, in daina halin tsofaffin kaji. Muka shiga. Duk wanda ke bayanmu ma nan za a turo shi, har su Araceli.

Mun yi nisa sai muka hango shinge bayan wani tudu, da motoci biyu a gicciye, da maza cikin kakin soja. Na fara laluben takardu.

"Dubi ƙafarsu," in ji ta, ba ta ko motsa leɓe sosai ba.

Na duba. Takalmin kambas ne, wani fari, wani ja. Soja ba ya saka kambas. Ba wurin juyawa, wani ya riga ya ɗaga bindiga yana tahowa. Ba lokacin kira, ba lokacin rubutu. Wayar tana maƙale a gabanta, ta miƙa yatsa ta danna alamar haɗari, ta danna maɓallin gefe fuskar wayar ta mutu, ta mayar da hannu kan sitiyari. Yadda take yi wa rami da mushen kare, haka ta yi. Na tabbata hannunta ya riga kanta.

Suka kora mu bayan tudun, wani rami da ake ɗibar tsakuwa, inda ba a hangowa daga titi. Mun tarar da motoci sun kai biyar, masu su a durƙushe a ƙasa, hannu a ka. Wani saurayi yana kwance ruf da ciki, jini yana fita ta kunnensa, matarsa tana riƙe da bakinta don kada ta yi ƙara. An tara wayoyi a cikin hula. Aka fizgo mu, aka doke ni a bayan gwiwa na zube. Ana ta sauke kaya daga a-kori-kura, ana ware su gefe ɗaya, kuma na ga yadda biyu daga cikinsu suke kallon wata yarinya da ke maƙale da uwarta. Jikar Mela sa'arta ce.

Shugabansu yaro ne a idona, mai ƙiba, da haƙorin azurfa, yana cin gyaɗa daga aljihu. Yana cikin zagaya bas ɗinmu sai wata murya ta fito daga ɗaya aljihun nasa, muryar da na fi tsana a duniya.

"Hattara, an ba da rahoton haɗari a gabanka."

Su ma suna da ita. Me zai hana? Da ita suke sanin lokacin da aka karkato musu da mutane. Ya ciro wayar ya duba, ya ɗago ya karanta jikin bas, ya sake duba wayar. Sai ya yi dariya har gyaɗa ta fito masa daga baki.

"Ka ga ikon Allah. Har da kambi. Iya, ke ce?"

"Ni ce."

"To kin ɓata mana kasuwa. Amma ba komai, yanzu za a gyara."

Ya sa aka mayar wa mutane wayoyinsu, duk mai manhajar ya buɗe ya danna babu. Suka danna ɗaya bayan ɗaya, bakin bindiga a ƙeya. Ban ga laifinsu ba. Yaransa ma suka danna a nasu. Ya duba, alamar tana nan daram. Saura wani dattijo mai farar hula, Don Fidencio, na ji matarsa ta kira shi, hannunsa yana rawa har wayar tana neman faɗuwa. Ya danna. Mai haƙorin azurfa ya leƙa, fuskarsa ta canza. Ashe tsohon "yana nan" ya danna, ba "babu" ba. Ko rawar hannu ce, ko da gangan ne, ban sani ba, kuma ban samu damar tambayarsa ba. Aka buga masa gindin bindiga a baki, haƙora suka zubo a kan rigarsa, aka bi shi da ƙafa har ya daina kare kansa.

Sai aka dawo kan Mela. Ya ɗauko wayarta daga bas, ya kama hannunta ya manna babban yatsanta. Wayar ta ƙi. Ya gwada na kusa da shi, ya gwada ɗaya hannun, ya goge yatsun a rigarsa ya sake gwadawa. Waya ba ta taɓa karanta yatsun Mela ba, kaji sun cinye zanen, lambar sirri take amfani da ita.

"Faɗi lambar."

"Na manta."

"Iya, kin yi kama da kakata. Kar ki sa in yi abin kunya."

"Kakarka ta san kana nan da kambas kana wasan soja?"

Na runtse ido. A raina na ce matar nan ko a bakin kabari sai ta yi baƙar magana. Alamar nan ba ta bayyana wa mutum sai ya kusa mararraba, kuma su Araceli ba su iso ba tukuna. In aka cire ta yanzu, Magulmaciya za ta kawo su har bakin ramin nan, da farar motarsu da yarinyarsu. Na san wannan, Mela ta sani, mutanen nan ne kawai ba su sani ba.

Suka ja ta zuwa bas, suka ɗora hannunta na dama a bakin ƙofar da ake ja, suka ja ƙofar da ƙarfi. Na ji ƙarar ƙashi. Ta yi wani gurnani, ta durƙusa, amma ba ta yi ihu ba. Ya tambaye ta, ta tofa masa yawu a wando. Suka ɗora na hagu. Wannan karon ta yi ihu, kuma tun da nake ban taɓa jin wannan muryar daga bakinta ba. Na yunƙura zan tashi, aka take mini wuya da ƙafa, bakina ya cika da tsakuwa.

Ana cikin haka wayarta ta fara ƙara a hannunsa. Sabis a wurin yana zuwa yana ɗaukewa, in ya zo sai saƙonni su shigo a tare. Duk wanda ya ga alamar a mararraba ya fasa shigowa, sai ya danna godiya, sunansa ya fito a fuskar wayar ko tana kulle. Tun da aka kawo mu ba motar da ta ƙara shigowa. Mai haƙorin azurfa ya daina cin gyaɗa.

"Wannan wane ne?" Ya nuna ni da ƙafa. "Mijinki?"

"Ɗan aiki ne. Ban san shi ba."

"Goshinku ɗaya. Ku ɗago shi."

Aka ɗago ni. Bai yi wani dogon bayani ba, ya ɗora bindiga a gwiwata ta hagu ya harba. Da farko ban ji zafi ba, sai na ga ƙafar ta lanƙwashe ta inda ba ta saba ba. Da zafin ya iso na yi fitsari a wando, na kira Inna, wadda ta daɗe a ƙasa. Ya tsuguna ya kama gashina, ya tura bakin bindigar cikin kunnena, da ɗuminsa.

"Iya, na gaji. Lambar, ko ki kwashe ƙwaƙwalwarsa a hula."

Na dube ta. Tana zaune a ƙasa jingine da tayar bas, hannuwan a kan cinyarta sun kumbura sun yi baƙi, yatsun kowanne yana kallon inda ya ga dama. Ni ba jarumi ba ne, ban kuma taɓa cewa ni ne ba. Na roƙe ta.

"Yaya, ki faɗa masa. Don Allah, Yaya."

Ta dube ni cikin ido. Ba ta kau da kai ba, ba ta yi kuka ba, ba ta ce in yafe mata ba. Shiru kawai ta yi. Matar da ta wanke mini kashi ina jariri, ta biya wanda ya tsallakar da ni kogin kan iyaka, ta kwana a asibiti lokacin da injin mota ya faɗo mini, tana kallona bindiga a kunnena, ta rufe bakinta gam. Ban san tsawon shirun nan ba. Na san dai na ji ya gyara yatsansa, kuma na tsane ta a lokacin, tsana ta gaske.

Wayar ta sake ƙara, sau da yawa a jere. Ya ɗago ta da ɗaya hannun yana karantawa da ƙarfi, da muryar tsokana.

"Ji masoyanki. Tirelar Zacatecas ya gode miki. Gurgu Mai Sauri ya gode miki. Cheli da Kajinta ta gode miki. Wa zai zo jana'izar ƙanenki a cikinsu?"

Kajinta, haka Araceli take kiran 'ya'yanta. Na ga kafaɗun Mela sun sauka. Ba ta bari ya ƙarasa numfashi ba, ta faɗi lambar, a fili, a hankali, ta maimaita don kada ya yi kuskure.

Ya tsaya yana kallonta. Ba wawa ba ne. Ya cire bindigar daga kunnena, ya buɗe wayar, ya goge alamar, sannan ya koma kan sunayen yana bi da yatsa.

"Ashe naki ne ke tafe. Wanne ne a ciki?"

"Gurgun," in ji ta.

Ya buga mata wayar a fuska har gilashin ya tarwatse, ya ƙara, ya ƙara, sai da hancinta ya karye. Ina jin da ya ƙarasa mu a nan, amma rediyon da ke kafaɗar wani yaronsa ya yi magana. Mutane sun taru a gidan mai sun tare mararraba da motocinsu, kuma an ga sojoji na gaske sun taso. Suka watsa wa bas ɗinmu fetur da kwalayen mutane a ciki, suka cinna wuta, suka kwashe a-kori-kurar da suka ware suka bi ta daji. Yarinyar nan ba su tafi da ita ba, sauri bai bar su ba. Matar Don Fidencio ce ta ɗaure mini cinya da ɗankwalinta, mijinta yana kwance a gefenta ba ya motsi. Mela ta rarrafo da gwiwar hannu ta jingina da ni, muna kallon kekunan yara da injin wankin wata tsohuwa suna ci da wuta.

Ƙafar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba, da sanda nake tafiya. Hannuwan Mela an yi musu aiki sau da yawa, amma ba sa riƙe sitiyari, ba sa riƙe wuƙa, cokali ma sai mai kauri. Baƙar Alfadara ta ƙare. Muna zaune gida ɗaya a Fort Worth, ni nake dafa wake, ita take gaya mini na cika gishiri. Araceli ta san an tare mu, ta san alamar uwarta ce ta sa ta fizge sitiyari daga hannun Rigoberto a gidan mai. Abin da ya faru tsakanina da Mela a ramin nan ba ta sani ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Na daɗe ina ɗauke da abin. Wata ranar Lahadi da rana, mun dawo daga coci, ina yanka mata nama ƙanana a faranti, sai na ji ba zan iya haɗiye shi kuma ba.

"Yaya, da sunan Cheli bai fito ba fa?"

Na so ta ce ta san ba zai harba ba. Na so ta ce saura kaɗan ta faɗa. Ko ƙarya ce zan karɓa, har in gode.

"Da ka mutu, Chon."

Na ajiye wuƙar. Ta ci gaba da kallon farantin.

"Kai ka ci duniyarka, ka sha giyarka, ka yi matanka. Su ba su fara ba. Kuma in an sake gobe, haka zan yi, kar ka sa ran wani abu." Ta sauke murya. "Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Muryarka nake ji. Wannan nawa ne, ba naka ba."

Na ji haushi, har yau ina ji, ba zan ɓoye ba. Na kuma san yaran nan biyu suna nan da ransu, suna zuwa makaranta. Na zauna ina kallon hannuwanta a kan tebur, tana ƙoƙarin ɗaukar cokali yana zamewa.

"Naman zai huce," in ji ta.

Na ɗauki wuƙar na ci gaba da yankawa.